Na saita piyanona da lissafi, amma kunnena ya ƙi yarda

"Malam, barka da aiki. Na gaji wani tsohon piyano, na nemo makullin saiti, na sauke manhaja a waya wadda take nuna adadin kaɗawar kowane sauti. Na bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya har allurar manhajar ta tsaya cak a tsakiya. A ta tsakiya (da haruffa A zuwa G ake kiran madannan piyano) na sa ta a 440, A ta samanta 880, ta gaba 1760, haka har ƙarshe. Da na zauna in kaɗa, sai na ji sautukan sama sun yi ƙasa-ƙasa kamar sun gaji, na can ƙasa kuma kamar sun ɗaga. An koya mini cewa oktaf, wato tazarar da ke tsakanin A da A ta samanta, ninki biyu ne cif. To wa ya yi kuskure, kunnena ko manhajar? Kuma tun asali ma, me ya sa muke jin sautuka biyu masu nisa haka kamar abu ɗaya ne?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya taɓa bin tsirkiya sama da 200 da makulli a hannu ya san irin ciwon kafaɗar da ka kwana da shi. Tambayoyinka biyu ne: me ya sa piyanon da adadinsa ya yi daidai bai yi wa kunne daɗi ba, kuma mene ne sirrin oktaf da ya sa muke jin sauti da ninkinsa kamar 'yan gida ɗaya. Zan fara da ta biyun, domin ita ce uwa. Amma don kada in bar ka cikin zulumi, kunnenka lafiya lau yake, manhajar ma ba ta yi maka ƙarya ba. Abin da aka ce ta auna shi ta auna. Inda gizo yake saƙar shi ne zaton da ka yi cewa tsirkiyar piyano tana kaɗawa kamar yadda aka zana a littafi, alhali ita ƙarfe ce mai taurin kai. Na daɗe ina saita piyano, kuma ramin nan da ka faɗa ni ma na taɓa faɗa masa.

Abin da yake shiga kunne

Sauti girgizar iska ce. Tsirkiya ta kaɗa, ta tura iska, ta janyo ta, girgizar ta iso dodon kunne. Yawan kai-komon da take yi a sakan ɗaya shi ne adadin da manhajarka take nunawa, wanda ake rubutawa Hz, daga sunan masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Adadi ya yi yawa, sauti ya sirance. Ya yi kaɗan, sauti ya yi kauri. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa wajen 20,000, kuma shekaru suna ta ƙwace na saman a hankali. Piyano mai madannai 88 yana farawa daga 27.5 ya tsaya a wajen 4186.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne kunne da ninki yake awo. Daga 110 zuwa 220 an ƙara 110, kuma oktaf ne cikakke. Ƙara wannan 110 ɗin a kan 1760 ka samu 1870, za ka ji ka matsa madanni ɗaya ne kacal. Kafin ka sake jin tazarar da ka ji tsakanin 110 da 220, sai ka haura har 3520. Wato abin da kunne yake kira "taki ɗaya" shi ne a ninka, ko a ƙasa ake ko a sama.

Dalilin wannan yana can cikin kunne. Bayan dodon kunne da 'yan ƙasusuwa uku akwai wani ɗan bututu mai ruwa, a naɗe kamar katantanwa. A cikinsa an shimfiɗa wata fata mai tsawon milimita 35 ko kusa. Bakinta siriri ne mai tauri, can ƙuryarta kuma faffaɗa ce mai laushi. Siririn sauti bakin yake girgizawa, kakkauran sauti sai ya shige can ƙurya. A jere a kan fatar akwai ƙwayoyin halitta masu gashi, wajen 3,500 a layin ciki, su ne suke juya girgiza ta zama saƙon jijiya. Hermann von Helmholtz ya kawo hasashen cewa kowane sauti da mazauninsa a cikin kunne tun 1863, sai Georg von Békésy ya leƙa da kansa ya ga yadda igiyar take tafiya a kan fatar, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1961. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a mafi yawan tsawon fatar, kowane ninki yana cin fili kusan daidai da ɗan'uwansa. Kamar piyano ne aka shimfiɗa mana a cikin kai tun daga haihuwa.

Sai dai wannan bayani ya tsaya a rabin hanya. Ya gaya mana dalilin da ya sa tazara take tafiya da ninki, bai gaya mana dalilin da ya sa ninki biyu ya fita daban ba. Mazaunin 220 da mazaunin 440 wurare biyu ne kawai a kan fata, babu wata igiya da ta ɗaure su. Akwai hanya ta biyu da kunne yake bi. Jijiyoyin ji suna harba saƙonsu ne tare da bugun igiyar sautin, kamar masu tafi da suke bin kiɗa, sai ƙwaƙwalwa ta karanta lokacin da ke tsakanin harbi da harbi. Ta wannan fuskar 440 da 220 dangi ne na kusa, domin duk kai-komo biyu na wannan suna faɗawa daidai kan ɗaya na wancan. Jijiyoyin suna iya bin bugun ne zuwa wajen 4,000 ko 5,000, daga nan sai su kasa. Kuma a daidai wannan iyakar ne mutane suke fara kasa gane waƙa idan an kaɗa ta, su ji tsiwa kawai. Ina ganin ba banza ba piyano ya tsaya a 4186. Maƙeransa ba su san jijiya ba, amma sun ji inda kiɗa ya ƙare.

Uwa da 'ya'yanta

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga mai saiti. Tsirkiya ba ta fitar da sauti guda. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, a lokaci guda kuma tana kaɗawa rabi-rabi, da kashi uku-uku, da huɗu-huɗu. Ni nakan kira na farkon uwa, sauran kuma 'ya'ya. Idan uwa 110 ce, 'ya'yanta su ne 220, 330, 440, 550, 660, haka dai. Muryar mutum ma haka take, sarewa ma haka. Ƙarfin kowane ɗa a kan ɗan'uwansa yana cikin abin da ya sa kake bambance jita da piyano ko da sauti ɗaya suka kaɗa.

To ɗauki sautin da ke oktaf ɗaya a sama, uwa 220. 'Ya'yanta 440, 660, 880. Duba jerin farko: dukkansu suna ciki. Sautin sama bai zo da baƙo ko ɗaya ba, duk abin da ya kawo dama yana gidan. Shi ya sa idan ka danna su tare suke narkewa cikin juna har wani ya rantse sauti ɗaya ne. Babu wata tazara da ba ta kai oktaf ba da take yin haka. Wadda ta fi kusa ita ce wadda ake kira tazarar biyar, mai adadin sautin sama da na ƙasa 3 bisa 2, inda rabin 'ya'yan suke haɗuwa, rabi su ware. Haka kuma ya sa magidanci da ƙaramin yaro za su rera waƙa ɗaya, kowa a inda muryarsa ta kai, su kuma tabbata cewa tare suke.

Ƙwaƙwalwa ta riƙe wannan tsarin har takan ƙirƙiri uwar da babu ita. Layin tarho na da yana wucewa da sauti ne daga wajen 300 zuwa 3,400 kawai, alhali uwar muryar namiji babba tana wajen 100 da ɗoriya. Ba ta taɓa ratsa wayar ba, amma kowa ya ji kaurin muryar mahaifinsa a tarho. Kunne ya ga 'ya'ya a jere, 300, 400, 500, ya ce uwarsu 100 ce. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin a madannan ƙasa na ƙaramin piyano uwar kusan ba ta fita, da 'ya'yan kunnenka yake yanke hukunci.

Ko da wannan ji aka haife mu, ko koyonsa muka yi? Masana ba su rufe wannan babi ba. A shekarar 2000 Anthony Wright da abokan aikinsa sun gwada birai biyu, suka ga suna ɗaukar waƙar yara a matsayin ita ce dai idan an ɗaga ta oktaf ɗaya ko biyu, amma ba sa ɗauka idan an ɗaga ta rabin oktaf. Wannan ya nuna akwai tushe a halitta. Sai kuma a 2019 Nori Jacoby da Josh McDermott suka buga sakamakon aikinsu da mutanen Tsimane na dajin Amazon a Bolibiya, waɗanda kiɗan Turai bai ratsa su sosai ba. Ana kaɗa musu 'yan sautuka a sama can, a ce su maimaita da baki. Tazarar da ke tsakanin sautukan sun maimaita ta daidai, bisa ninki, kamar kowa. Amma ba su damu su sauko da sautin kan ɗan'uwansa na oktaf ba, abin da mawaƙan Amurka da aka gwada suka riƙa yi ba tare da an ce su yi ba. Tawa fahimtar ita ce kunne ya zo da kayan aikin, sabo kuma shi yake fito da su. Wanda ya tashi yana jin manya da yara suna rera abu ɗaya tare, ko yana ganin madannai suna maimaita suna duk bayan 12, dangantakar oktaf za ta zauna masa daram.

Mu da muke magana da harshe mai karin sauti ai wannan ba baƙon abu ba ne. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, hawa da saukar murya ne suka raba su. Yaro ya faɗa da siririyar muryarsa, dattijo ya faɗa da kakkaura, ba wanda ya ruɗe, don kunne dangantakar gaɓa da gaɓa yake bi, bai tambayi Hz nawa ba ne.

Lissafin da ya ƙi rufuwa

Kafin mu zo kan piyanonka, sai ka san cewa adadin da manhajar take bi ma sulhu ne aka yi. Tsohuwar hanyar saiti, wadda ake jingina wa Pythagoras, masanin nan na tsohuwar Girka, ita ce a yi ta hawa da tazarar biyar, 3 bisa 2. Hawa 12 ya kamata ya dawo da kai kan sautin da ka fara, oktaf 7 a sama. Oktaf 7 ninki 128 ne. Amma 3 bisa 2 sau 12 yana ba da 129.75. Ƙofar ta ƙi rufuwa, an samu rara. Ba laifin kowa ba ne, babu yadda za ka yi ta ninka uku ka faɗa kan ninkin biyu.

Masu saiti suna auna irin wannan rarar da ma'aunin da Alexander Ellis ya ƙirƙiro a shekarun 1880, wanda ake kira sent. Oktaf sent 1200 ne, daga madanni zuwa maƙwabcinsa 100. Rarar nan wajen sent 23 da rabi ce, kusan rubu'in madanni, kuma kowane kunne zai ji ta. Ƙarnuka aka yi ana neman inda za a ɓoye ta. Wasu suka tara ta a tazara ɗaya wadda ba a cika kaɗawa ba, tazarar ta yi muni har Turawa suka laƙaba mata sunan kyarkeci saboda kukanta. Daga baya aka koma raba ta daidai wa daida tsakanin madannai 12, kowane mataki ya zama ninki 1.05946 na wanda ke ƙasa da shi. Wani yariman ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da wannan lissafin tun 1584.

Farashin sulhun shi ne, ban da oktaf, babu tazara ɗaya mai tsarki a piyano. Tazarar biyar ta zama sent 700 maimakon 702, wannan da sauƙi. Tazarar uku babba kuwa, wadda asalinta 5 bisa 4 ce, wato sent 386, ta koma 400. Sent 14 ba wasa ba ne. Mun saba ne kawai. Ƙungiyar mawaƙa da suke rerawa ba kayan kiɗa sukan sauko da ita da kansu, kuma ranar da ka ji hakan za ka ji wani irin kwanciyar sauti da piyano ba ya iya bayarwa.

Ta yaya mai saiti yake jin bambancin sent biyu, alhali idan aka kaɗa sautuka biyu ɗaya bayan ɗaya yawancin mutane sai bambancin ya kai sent biyar zuwa goma suke lura? Da karkarwa. Idan sautuka biyu masu kusanci suka tashi tare, ƙararsu takan riƙa ƙaruwa tana raguwa, waw-waw-waw, kuma yawan karkarwar a sakan shi ne bambancin adadinsu. 440 da 442 za su yi biyu a sakan. Ba iyaye kaɗai suke wannan ba, har da 'ya'ya. Danna F mai 174.6 tare da A mai 220. Ɗa na biyar na F yana 873, na huɗu na A yana 880, sai ka ji karkarwa kusan bakwai a sakan. Wannan bakwai ɗin kowane mai saitin kunne ya haddace ta a jikinsa. Sana'ar tamu kusan duk ƙirgen karkarwa ce.

Taurin kan ƙarfe

Yanzu mun iso gidanka. Duk abin da na faɗa na cewa 'ya'ya suna zama a ninki biyu, uku, huɗu cif, gaskiya ne ga tsirkiyar da ba ta da tauri ko kaɗan, ga muryar mutum, ga sautin da ake ci gaba da hurawa ko gogawa. Tsirkiyar piyano kuwa wayar ƙarfe ce mai kauri, an doke ta sau ɗaya an ƙyale ta. Ƙarfe ba ya son lanƙwasa. Kaɗawar rabi-rabi tana buƙatar lanƙwasa fiye da ta gaba ɗaya, ta uku-uku ta fi, don haka taurin yana mayar da wayar da sauri fiye da lissafi. Sakamakon shi ne kowane ɗa yana ɗagawa sama da mazauninsa, kuma na nesa sun fi ɗagawa.

Ɗauki A ɗinka mai 440. Ɗanta na biyu ba a 880 yake ba, a ce yana wajen 881. Kai kuma ka kafa A ta sama a 880 cif saboda allura ta ce haka. Ka danna su tare, 881 da 880 suna karkarwa, kuma kunne, wanda ya riga ya ji 881 a cikin sautin ƙasa, ya yanke cewa ta saman ta gaza. Kafin oktaf ɗin ya kwanta sai ka ɗaga ta zuwa 881. Ita ma tata 'yar ta wuce ninki, don haka ta gaba sai ta ƙara ɗagawa. Rarar tana taruwa kamar bashi. Idan ka juya ƙasa labarin ya juye: dole ka sassauta kakkauran sauti domin 'ya'yansa da suka ɗaga su faɗa kan sautukan tsakiya. Ka ga abin da ka ji ke nan daidai, sama ta gaji, ƙasa ta ɗaga.

Wani masani mai suna O. L. Railsback ya auna piyanonin da ƙwararru suka saita da kunne a ƙarshen shekarun 1930, ya ga dukkansu sun kauce wa lissafi ta hanya ɗaya: tsakiya daidai, can sama sun haura da wajen sent 30, can ƙasa sun sauka da kusan haka. Har yau da sunansa ake kiran zanen da ke nuna wannan kaucewar. Amma babu adadi ɗaya da zai yi wa kowane piyano. Gajeriyar waya mai kauri ta fi taurin kai, shi ya sa ƙaramin piyano na tsaye ya fi buƙatar a buɗa masa oktaf, wato a faɗaɗa shi ya ɗan wuce ninki biyu, a ƙasa fiye da dogon na dandali mai kusan mita uku. Shi ya sa kuma ake naɗe wayoyin ƙasa da jan ƙarfe, don a ƙara musu nauyi ba tare da an ƙara tauri sosai ba.

Akwai dalili na biyu, ƙarami, kuma wannan daga kunnen ne da kansa. Tun 1954 W. D. Ward ya nuna cewa ko da tsantsar sauti marar 'ya'ya aka ba mutane, aka ce su nemo oktaf ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, sukan zarce ninki biyu da ɗan kaɗan, musamman a sama. Wato oktaf ɗin da ke cikin kai ya ɗan fi na takarda faɗi. Shi ya sa piyanon da aka buɗa wa sama yake yin haske a kunne. Wasu masu saiti sukan zarce da buɗawar don neman wannan hasken, ni kuwa ba na so, domin yana yin kyau a gudun yatsu amma ya yi tsami idan an danna sautuka tare an riƙe.

Ga labarin ramin da na ce maka ni ma na taɓa faɗawa: farkon samun na'urar awo, na saita wa wata mawaƙiya piyano da ita tun daga farko har ƙarshe, ina ta jin kaina. Ta zo ta kaɗa 'yan sautuka a sama, ta ɗago ta ce, "Malam, wannan ai bai farka ba." Na nuna mata allura a tsakiya. Ta ce ita ba da allura take waƙa ba. Na koma wurin wanda ya koya mini aiki ina ƙorafi, ya kife na'urar a kan tebur ya ce in sake oktaf ɗaya yana saurare. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'ar ji ne yake korar gani.

Abin da za ka yi

Hanyoyi biyu ne a gabanka. Mai sauƙin ita ce ka nemi manhajar da aka yi musamman don piyano. Irin waɗannan sukan sa ka danna wasu madannai tukuna, su auna yadda 'ya'yan wayoyinka suka kauce, su lissafa buɗawar da ta dace da naka piyanon. Wadda kake da ita, bisa yadda ka kwatanta, irin ta jita ce, uwa kawai take nema. A madannan ƙasa ma takan ruɗe ta kama ɗa ta ce uwa ce.

Ta biyun ta fi wuya, amma ita nake so maka. Yi amfani da manhajar a oktaf ɗaya na tsakiya kawai, daga F ta ƙasa da C ta tsakiya zuwa F ta samanta, inda kaucewar ba ta da yawa. Daga nan ajiye wayar hannunka. Yawancin madannai wayoyi uku ne da su, na ƙasa biyu ko ɗaya, don haka toshe na gefe da tsumma mai kauri ko roba ka bar guda. Danna sauti da oktaf ɗinsa tare, da ƙarfi, ka juya makulli a hankali har karkarwar ta yi jinkiri ta kwanta. Sa'an nan gwada shi da na oktaf biyu a ƙasa. In wannan ya yi karkarwa da yawa, ƙara buɗawa kaɗan. Ba za ka taɓa kashe duk karkarwa ba, saboda 'ya'yan ba za su haɗu duka a lokaci ɗaya ba, sai dai ka zaɓi inda ya fi lafawa. Bayan nan ka buɗe sauran wayoyin ɗaya-ɗaya ka daidaita su da ta farko. A nan ne sabon hannu ya fi faɗuwa. Mai sauraro zai yafe maka oktaf da ya ɗan kauce, amma wayoyi uku na madanni ɗaya da suke faɗa da juna, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji.

Ban ji piyanonka ba, don haka akwai abubuwan da ba zan iya yanke maka daga nesa ba. Ka ce tsoho ne. Idan ya daɗe ba a taɓa shi ba ya sauka sosai, kuma ka ja shi zuwa 440 a zama ɗaya, to wani ɓangare na abin da ka ji ba buɗawar oktaf ba ce, zamewa ce. Wayoyin gaba ɗaya suna jan firam ɗin da nauyin da ya kai tan 18 ko fiye, kuma duk wadda ka tamke tana sassauta maƙwabtanta. Irin wannan sai an bi shi sau biyu, na farko a gurguje, na biyu a natse. Idan ƙusoshin saitin sun yi sako-sako, ko wayoyin sun yi tsatsa, kira mai sana'a kafin wata ta tsinke maka a fuska. Laima ma tana kumbura allon katakon da ke fitar da sautin ta ɗaga sautukan tsakiya, bushewa ta saukar da su. Kuma in ka lura kunnenka na dama da na hagu suna jin sauti ɗaya a mataki daban-daban, wannan yana faruwa, musamman bayan mura ko yawan hayaniya, kuma likitan kunne ne zai duba shi.

Kada kuma 440 ɗin ta zame maka wahayi. Yarjejeniya ce. Faransa ta kafa 435 a 1859, wani taro a Landan ya amince da 440 a 1939, hukumar ma'aunai ta duniya ta ɗauke ta a 1955. Ƙungiyoyin kiɗa da yawa a Turai suna saiti a 442 ko 443, masu kiɗan zamanin da kuma a 415. Masu cewa 432 tana da wani sirri na warkarwa ba su kawo hujjar da ta tsaya ba. A tsibirin Bali ma da gangan ake saita kayan kiɗa biyu-biyu su ɗan saɓa, don karkarwar da mu muke kashewa ita ce ran kiɗansu. Idan tsohon piyanonka ya fi samun natsuwa a 436 kuma kai kaɗai kake kaɗawa, bar shi a nan.

Kafin ka sake bin madannai 88, yi wannan gwajin na minti biyar. Toshe wayoyi ka bar guda a A mai 440, guda a A ta samanta. Kife wayar hannunka. Saita ta saman da kunne har karkarwa ta kwanta, sa'an nan ka buɗe manhajar ka duba. Za ka ga allura ta ɗan karkata dama. Maimaita a A ta gaba, za ka ga ta ƙara karkata. Rubuta adadin biyun ka aiko mini tare da tsayin piyanon, daga nan zan iya gaya maka irin buɗawar da zai ɗauka a ƙasa.